Taken Gidan Bawa a Bakin Jita

Inji ne ya kai ni wurin, ba kiɗa ba. Iya Yetunde, mai ɗan gidan shaƙatawa a bayan masu sayar da kayan gini a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, ta aiko a gaya mini janaretanta yana tari, ga shi tana da makaɗa a ranar. Na isa bayan magariba da jakar sifanu. Datti ne ya toshe kafireto. Na wanke, na ja igiya, ya tashi. Iya ta ce kada in yi nisa, ta sa aka ajiye mini kujera kusa da injin, aka kawo farantin kifi.

Wurin ƙarami ne. Rumfar kwano, kujerun roba da ba su kai arba'in ba, murhun gasa kifi, da ƙwayayen lantarki ja da kore da aka naɗa a jikin bishiyar dogon yaro. Makaɗan su uku ne. Biyu na san su: Gbadebo, haifaffen Birnin Kebbi, wanda ubansa ke sayar mini da fulogi shekara da shekaru, yana rataye da jita mai kaurin murya, sai Goodluck a bayan ganguna. Na ukun baƙo ne daga Yamai, siriri, zai yi shekara talatin da biyar. Sunansa Tamba, shi ne mai jitar gaba.

Gbadebo ya kama makirfo ya ce, "Jama'a, wanga kiɗi sunanai buluz. Ba a yi mai rawa sai da kai. Wanda matatai ta yi yaji, ko albasatai ta ruɓe Augie, shi matso gaba, nashi na."

Aka yi dariya, suka fara.

Ban taɓa jin an kaɗa jita haka ba. Tamba ba ya sauri. Yakan taɓa tsirkiya ɗaya, ya tura ta sama da yatsa har muryarta ta lanƙwashe kamar ta mace mai kiran ɗanta daga ƙetaren gulbi, sannan ya sake ta. A ƙaramin yatsansa akwai wuyan kwalba da aka yanke, yana jan shi a kan tsirkiyoyin. Zai rera layi ɗaya da Zabarmanci, ya maimaita, jitar ta amsa masa. Masu cin kifi suka rage surutu. Wani direban tirela da ke gabana ya rufe ido, yana ta gyaɗa kai.

A waƙa ta biyar Goodluck ya ajiye sanduna ya koma bugu da tafin hannu. Tamba ya sunkuyar da kai ya shiga wani kiɗa, sai na ajiye lomar da ke hannuna.

Taken gidanmu ne. Taken Bawa mai homa biyu, ubana.

Mu Sarkawa ne na Argungu, sana'ar su muka gada. A unguwarmu kowane gida da takensa, kuma namu Jatau makaɗi ne yake kaɗa shi da kalangu daga cikin kwalekwale in za a faɗa ruwa. Taken yana tafiya ne sau uku, ya tsaya cak. Wannan tsayawar ta ɗan gida ce: a cikinta zai miƙe ya yi kirari, sannan kalangu ya ɗauka. In aka kaɗa take, gurbin ya wuce ba wanda ya miƙe, tsofaffin unguwarmu ba sa cewa komai a wurin. Sai daga baya a ji suna cewa gidan wane ya rufe.

Tamba ya kaɗa sau uku, ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiya. Shiru. Ba abin da ake ji sai injin da ke bayana. Ya bar gurbin daidai tsawonsa, kamar Jatau ne ya auna masa, sannan ya ci gaba. Sau huɗu yana barin gurbin nan a buɗe. Mutane suka yi tafi, wai shirun ya yi daɗi.

Ni kuwa na riƙe ƙafafun kujera.

Shekara talatin da huɗu ke nan rabona da ruwa. Ina da ashirin da biyu muka shiga gulbi ni da ƙanena Abbas, homa, ragarmu ta kamun kifi, ta naɗe masa ƙafa a gindin wani kututture. Na nitsa sau uku, a na ukun na taɓa gashin kansa, numfashina ya ƙare, na taso ni kaɗai. Da shekara ta zagayo Jatau ya kaɗa mana take a bakin ruwa. Yayana Hodi ya miƙe ya amsa. Jatau ya juyo da kalangunsa wajena ya kaɗa, ya sake kaɗawa, ina zaune ina kallon yatsun ƙafata. Da sati ya kewayo na hau mota zuwa Birni, na kama koyon gyaran inji. Ban damu ba, domin Hodi yana nan, gida da mai amsawa. Amma bara ɓarin jikin Hodi na dama ya shanye. Ba ya tashi sai an ɗaga shi, kuma 'ya'yansa duka mata ne.

Kwana uku na yi ba na iya zama wuri ɗaya. Na ɗaure wa wani tela fulogi a karkace, na zuba wa wani mai niƙa baƙin mai fiye da ƙima. In na ja igiyar inji ya tashi, sai in ji taken a cikin ƙararsa, sau uku, da tsayawar. Na je shagon uban Gbadebo sayen abin da ba na bukata, don kawai in ji inda za su yi wasa na gaba.

A unguwar Gesse ne, a farfajiyar wani ƙaramin masaukin baƙi. Nan ba kifi, sai lemo da tsire, kuma yawancin mutanen ma'aikata ne da suka cire hula suka ɗora a gwiwa. Ba wanda ya kira ni. Na zo da jakata don kada a tambaye ni abin da ya kawo ni.

Gbadebo ya hango ni. "A'a, Baba Injiniya! Injin wanga gida lahiyatai lau. Ko buluz ta kama ka? Faɗi gaskiya, wa ta yi yaji?"

Na ce iska nake sha.

Suna gwada sauti wuyan kwalbar Tamba ya suɓuce ya faɗi a siminti ya tarwatse. Ya tsaya yana kallon gutsattsarin kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na buɗe jaka na ciro sifanar fulogi, guntuwar nan mai kama da bututu, na goge ta da gefen riga na miƙa masa. Ya zura yatsa, ya ja ta a kan tsirkiya. Muryar ta fito da kauri, da ɗan ƙarfe a ciki. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Baba, wagga ta hi kwalba. Ka bar min ita."

Na ce na bar masa. Na zauna na saurari wasan duka. A nan ya fi sakin jiki, akwai waƙar da ya yi ta jan tsirkiya ɗaya har Goodluck ya ɗaga sanduna sama yana jiran ya sauko. Amma ni jiran waƙa ta biyar nake, ina fatan kada ta zo. Ta zo. Na ƙirga gurbin da bugun zuciyata, sau huɗu.

Da suka tashi ana naɗe wayoyi na matsa kusa da shi.

"Ɗana, kiɗin nan mai tsayawa, ina ka samo shi?"

"Na innata na," in ji shi. "Ba ta da waƙa sai shi. In tana daka, in tana wanki, da hanci taka yin shi. Ta rasu bara waccan."

"Tsayawar fa?"

"Nan taka tsayawa. Ina yaro na aza numfashi taka ja. Da na girma na ga shirun shi na daɗin abin, sai na bar shi."

"Wace ce innarka?"

"Ma'u. Mutuniyar Argungu ta, anka kai ta aure Gaya ta Nijar. Ubanta makaɗi na, Jatau. Ban san shi ba."

Na san Ma'u. Yarinya ce mai kawo wa ubanta fura a bakin ruwa, takan zauna a gindin kwalekwale tana wasa da ƙafa a cikin ruwa. Na nemi kujera na zauna, na gaya masa abin da yake kaɗawa, da abin da gurbin yake jira, da abin da tsofaffi ke cewa in ya wuce ba kowa. Ya saurara bai katse ni ba, yana juya sifanar a yatsansa.

Gbadebo da ke naɗe waya ya ce, "To ai Asabar Argungu muka nuhwa. Lambun nan na bakin gulbi, bayan la'asar."

Na ce, "Tamba, don Allah, can kada ka kaɗa shi. Ka kaɗa duk abin da kake so, ka bar wannan."

Tamba ya zare sifanar daga yatsa ya sa a aljihu. Sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ban zo Najeriya don Birni ba. Shekara ashirin innata tana cewa za ta koma gida ta ga gulbi, ba ta koma ba. Na ce in kai mata kiɗinta garinsu. In na bar shi, mi ya kawo ni?"

"A garinsu ba kiɗinta ba ne. Namu ne."

"To ku amsa mana," in ji Gbadebo. Da ya ga fuskata sai ya sunkuya ya ci gaba da naɗe wayarsa.

Kafin in fita ya biyo ni bakin ƙofa, ya ce lambun Argungu ba su da inji mai ƙarfi, na Iya Yetunde za su ɗauka, kuma Iya ta rantse ba mai taɓa mata inji sai ni. Na ce zan duba. Tun a hanyar gida na san zan je, kuma na san dalili. Makunnin injin a hannuna zai kasance. Jitar Tamba ba ta da murya sai da wuta.

Ranar Asabar muka ɗora kaya a bayan a-kori-kura. Hanyar Argungu shinkafa ce kore dama da hagu, Gbadebo yana ta tsokanar Goodluck wai gangunansa sun fi shi cin wuri a mota. Ni dai ina riƙe da igiyar da ta ɗaure injin. Da muka sauke kaya na ce zan leƙa gida.

Balaraba, babbar 'yar Hodi, ita ke jinyarsa. Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Hodi yana jingine da bango a zaure, hannun damansa kwance a cinya kamar ba nasa ba. Wannan mutumin da yake fitowa da giwan ruwa a kafaɗa. Homarsa tana rataye a sama, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta.

"Yaya, ya jiki?"

Ya motsa baki, abin da ya fito bai zama magana ba. Balaraba ta ce, "Cewa ya yi ka rame."

Ta bi ni waje da zan tafi. "Baba Arzika, ka ga abin da ka yawo cikin waya?" Ta nuna mini. Gbadebo ne ya sa wasan Gesse, ga Tamba, ga gurbin, har ga ƙeyata a gefe. "Tun shekaranjiya tsohhin unguwa ka miƙa ma juna shi. Sun ce yau za su je su ji da kunnensu. Baba ya gani shi ma. Ya hana mu barci sai mun yi alkawalin kai shi."

"Kada ku kai shi."

"Kai ka gaya mai," in ji ta. Ban koma ciki ba.

Lambun rumfar zana ce a ƙarƙashin mangwarori, gulbi yana bayanta, ana ganin ƙyallinsa ta tsakanin itatuwa. Na kafa injin a bayan rumfar, inda zan ga makaɗa in ga mutane. Matasa suka cika gaba da wayoyinsu. Amma a baya, kan wani dogon benci, tsofaffi bakwai ne a jere, waɗanda ba a taɓa gani a irin wannan wuri ba. Na san kowannensu da gidansa da takensa. Ba su sayi ko lemo ba. A ƙarshen bencin aka tsayar da keken guragu na aro, Hodi a ciki, Balaraba a bayansa.

Suka fara. Tamba ya yi kiɗa a ranar kamar ba zai sake yi ba. Sifanata tana ta walƙiya a yatsansa. A waƙa ta biyu ya juya wa mutane baya ya fuskanci gulbi, ya yi ta kaɗawa, Gbadebo yana biye da shi a hankali kamar mai rakiyar maras lafiya. Ni ban zauna ba. Na duba mai, na duba waya, na sake duba mai. Na zagaya injin ya fi sau goma. Na shirya abin da zan ce: datti ne a kafireto, kowa ya san halin injin Iya. Kafin in gyara magariba ta yi, taro ya watse, ba a kaɗa take ba, ba wanda ya kasa amsawa.

Goodluck ya ajiye sanduna.

Na tsuguna na ɗora babban yatsa a kan makunni. Tamba ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Ya ga inda hannuna yake. Ya sunkuyar da kai ya fara.

Na ɗaya. Tsofaffin suka gyara zama. Na biyu. Yatsana yana kan makunnin, ƙarfen yana rawa. Sai na ji ƙarar ƙarfe daga wajen benci. Hodi ne. Ya kama hannun keken da hagunsa yana tura jikinsa sama. Ya ɗaga kamar taƙi ɗaya, ya koma. Balaraba ta kama kafaɗarsa, ya ture ta. Ya sake yunƙurawa, jijiyoyin wuyansa duk a waje, bakinsa a karkace yana neman kalmar farko. Ba ɗaya daga cikin tsofaffin da ya kai masa hannu, don ba a ɗaga mutum ya amsa take.

In na kashe injin, abin da unguwa za ta riƙe ke nan: Hodi yana faɗawa cikin keke.

Na uku. Tamba ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiya.

Ban san lokacin da na zagayo rumfar ba. Na ji dai murya tana fita, busasshiya, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ni na Arzika ɗan Bawa mai homa biyu!
Ruwa ya san ƙahwata tun ban san sunana ba!
Ƙanen Hodi, wan Abbas da gulbi ya riƙe!
Gidan Bawa da sauran mutum ciki!"

Layi na uku ba ya cikin kirarin gidanmu. Daga bakina ya fito a wurin. Kirarin ya fi gurbin tsawo, amma Tamba ya jira, hannunsa a kan tsirkiya, har na kai ƙarshe. Sannan ya saki jitar da wata irin ƙara da ta sa tsuntsaye suka tashi daga mangwaro, Goodluck ya faɗa wa ganguna da hannu biyu. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin shinge ta rangaɗa guɗa. Matasan suka juyo da wayoyinsu kaina. Sau uku gurbin ya sake dawowa, sau uku ina amsawa, hannuna baƙi ƙirin da man inji.

Hodi ya daina yunƙuri. Ya jingina, ya rufe ido.

Da aka tashi, Gbadebo ya zo yana share gumi. "Baba Injiniya, ashe mawaƙi muka ɗauko muna biɗar mai gyaran inji! Gobe Sakkwato, ka shirya kayanka."

Tamba bai yi dariya ba. Ya durƙusa gaban Hodi ya gaishe shi, ya ce shi jikan Jatau ne, ɗan Ma'u. Hodi ya kama yatsan da ke sanye da sifana da hannunsa mai lafiya, ya riƙe ya daɗe. Sannan Tamba ya ɗago ya ce mini, "Shekara talatin ina jin shirun nan, ban san mutum aka jira ba. Yanzu in na kaɗa shi Yamai, wa za ya amsa?"

Na shiga goge man injin da ke hannuna da gefen riga.

Tsofaffin suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Babbansu, Malam Riskuwa, ya tsaya a gabana yana dogara sanda. Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ka amsa, Arzika."

"Na amsa, Baba."

"To ka san sauran. Wanda ya amsa take shi ka shiga ruwa da homar gida. Ruwa ya hwara janyewa. Sati ukku muna buɗe sun bana."

Ya wuce abinsa. Na san da wannan tun ina tsugune a gaban makunni.

Motar makaɗa ta koma Birni ba ni. Na nuna wa Goodluck yadda zai rufe mai in sun isa, na ce a gaya wa Iya injinta lafiya lau. Da safe Balaraba ta hau turmi ta sauko da homar. Ɓera ya ci ta wuri uku. Na zauna a zaure kusa da Hodi da zare da allurar saƙa, yatsuna suna neman ƙullin da suka manta. In na yi ba daidai ba sai ya buga sandarsa a ƙasa, in kwance in sake.

Da hantsi na ce zan je in jiƙa ta, a ga inda ta saki. Na ɗauka na bi ta bayan gari. Gulbin yana nan inda na bar shi, ruwan ƙasa-ƙasa, yana tafiya a hankali. Na cire takalmi, na naɗe wando. Na daɗe a tsaye a kan yashi. Wani mai kwalekwale ya wuce ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa.

Na sa ƙafar dama. Ruwan ya fi yadda nake tunawa sanyi. Na sa ta hagu, na matsa har ya kai mini gwiwa, na tsaya a nan ina jin yana ja.